Farashin Ɗakin Inna

Arage ba sunansa na yanka ba ne. Abokan aikinsa a sito ne suka laƙaba masa, don ko allura zai saya sai ya ce a rage. Sunan ya bi shi har gida, har in aka tambayi yaransa 'ya'yan wa ne su, sai su ce na Arage. Mutumin kirki ne, ba ya cin haƙƙin kowa, amma ranar da ya biya abu a kuɗin da aka fara faɗa masa, ranar abinci ba ya wuce masa maƙogwaro.

To sai ga shi mai gidan da suke haya ya sayar da gidan, aka ce su tashi kafin ƙarshen wata. Sabon gida bai yi wuyar samu ba, yana can ɗaya gefen gari, a hawa na biyu. Abin da ya rage shi ne kwasar kaya, sai kuma Inna.

Inna mahaifiyarsa ce, tana zaune da su tun rasuwar babansa, a ɗakin da ke ƙarshen baranda. Ɗakin nan kuwa sai wanda ya gani. Akwai keken ɗinki da ya daina aiki tun Arage yana ɗan makaranta, da akwatunan ƙarfe jere har kusa da rufi, da gwangwanayen madara wankakku tsaf, da kujera mai ƙafa uku da aka tokare da bulo, da kabad marar ƙofa, da rediyon marigayi da ba ya kama ko tasha ɗaya. A tsakiyarsu akwai wata siririyar hanya daga ƙofa zuwa gado, daidai faɗin Inna.

Da aka gaya mata zancen tashi, ba ta yi musu ba. Cewa ta yi, "Ku tashi mana, Allah ya sa alheri. Amma ni da kayana muke tafiya, duka. In ba hali, ku kai ni wurin Auta."

Auta ƙanwar Arage ce, kuma ta daɗe tana neman hanyar da za ta ɗauke Inna. Shi kuwa komai zai iya haɗiyewa ban da a ce uwarsa ta bar gidansa ta koma gidan suruki. Ba ma don bakin mutane kawai ba. Mutumin nan da furfurarsa, in bai leƙa ya gaida Inna da safe ta ɗan yi masa faɗa ba, yinin ranar ba ya jin daidai. Don haka ya ce mata ko tsinke ba za a bari ba, sannan ya shiga neman kamfanin kwasar kaya.

Kamfani na farko suka turo wani saurayi mai kwat da kwamfutar hannu da tef ɗin awo. Ya zaga falo yana murmushi, ya auna firij, ya ƙirga gadajen yara, yana ta cewa ai wannan ba wani aiki ba ne. Da ya tura ƙofar ɗakin ƙarshe sai murmushin ya ɗauke.

"Yallaɓai, nan sito ne?"

"Kai ne sito," in ji Inna daga kan gado. "Ba a koya maka sallama ba?"

Saurayi ya yi sallama, ya ba da haƙuri, ya auna abin da hannunsa ya kai. Da ya gama ya juyo da fuskar kwamfutar. Arage ya duba, ya cire tabarau ya goge, ya sake dubawa.

"Wannan lambar wayarku ce?"

"Farashin ke nan, yallaɓai. Ba don ɗakin Inna ba, matsakaiciyar mota ta ishe ku. Da shi kuwa sai babba, da ƙarin 'yan dako, ga kuma bene."

Arage ya ce a rage. Saurayi ya ce kwamfuta ce ta fitar, shi ba ruwansa. Arage ya ce to a gaya wa kwamfutar ta rage. Haka suka rabu.

Kamfani na biyu ba su ma zo ba. Wata mata ce ta kira shi ta bidiyo daga ofis, ta ce ya zagaya da wayar ɗaki-ɗaki tana kallo. Arage ya ji daɗi, ya ce yau ga banza ta faɗi. Ya tsaya a kicin ya nuna mata har cokula, da ya zo ƙarshen baranda kuwa sai ya wuce fuu, wai ƙofar banɗaki ce. Inna ta jiyo muryar baƙuwa a gidanta.

"Wace ce wannan ba ta gaishe ni ba?"

Shi ke nan, waya ta koma hannun Inna. Ta nuna wa matar komai, akwati bayan akwati, kowanne da tarihinsa, har ta sa Arage ya durƙusa ya haska ƙarƙashin gado, inda shi kansa bai san akwai wasu tukwane ba. Matar ta yi ta dariya tana cewa Allah ya ja kwanan Inna. Da farashinta ya iso, ya ɗara na mai kwat.

Da yamma ya baje takardun biyu a tebur yana kwatantawa. Wannan ya haɗa da kwalaye, wancan sai ka sayi naka. Wancan yana biya in an fasa abu, wannan ya ce sai dai haƙuri. Ɗaya yana cajin bene a dunƙule, ɗaya kuma kamar kowace matakala da kuɗinta. Ya juya su sama, ya juya su ƙasa, ba wadda ta yi masa murmushi.

Matarsa tana ninke kayan yara ta ce, "Baban yara, ka ɗauki na farkon mu huta. Wata fa yana gudu."

"Ke ba ki gane ba. Duk su biyun ba gidanmu suka yi wa kuɗi ba, ɗakin Inna suka yi wa." Sai idonsa ya kawo haske, irin hasken da matar ta sani kuma take tsoro. "Abin da ido bai gani ba ai ba a yi masa farashi."

Dabarar ita ce a kwashe kayan Inna a ɓoye a gidan maƙwabci kafin mutumin kamfani na uku ya zo. In an yi ciniki an sa hannu, ranar tashi sai a fito da su. Mota ta riga ta zo, 'yan dako sun riga sun cire riga, za su koma ne? Iyaka a yi 'yar hayaniya a ƙara musu na ruwa.

"Garin neman ƙiba fa ake samo rama," in ji matar.

"Ke dai ki kai Inna asibitin ido jibi, kamar yadda aka rubuta mata. Layin wurin nan ba ya ƙarewa sai la'asar. Kafin ku dawo komai ya koma mazauninsa."

Maƙwabcin tela ne, ƙofarsa tana kallon tasu, mutum ne da bai iya cewa a'a ba sai bayan ya riga ya ce to. Suna ganin fitar Inna suka hau aiki. Wayyo, ashe ƙarfen da ba irin na yanzu ba ne! Keken ɗinkin nan kaɗai sai da ya sa Tela ya kira sunan kakarsa. Suka yi ta jigila, gumi har cikin ido, har ɗakin Tela ya cika, shi da kansa sai ta kan akwati yake taka ya isa teburin yankansa. Ɗakin Inna kuwa ya koma fayau, gado kawai da tabarmar salla. Arage ya share ƙurar, ya tsaya yana kallon faɗin wurin, har ya ce a ransa ashe ɗakin da girmansa.

Na uku mai kamfanin ne da kansa, wani dattijo mai tumbi da fensir a bayan kunne, motoci biyu gare shi duk duniya. Ya zaga gidan yana huci, ya leƙa ɗakin ƙarshe ya ce, "Nan gado kawai?"

"Gado kawai. Ba komai a ciki."

Dattijo ya lissafa a bayan wata takarda ya miƙo. Arage ya duba, zuciyarsa ta yi fari ƙal: bai kai rabin na mai kwat ba. Mai hankali a nan zai sa hannu, ya raka baƙo, ya ruga ya dawo da kaya. Amma hali zanen dutse. Bakinsa da kansa ya buɗe ya ce, "A rage."

Dattijo ya ce ai ya riga ya rage. Arage ya kawo masa ruwan sanyi, ya jawo kujera. Aka shiga ciniki a kan abin da bai kai kuɗin kwalaye ba. Dattijo ya kawo tsadar mai, Arage ya kawo kuɗin makarantar yara. Dattijo ya miƙe zai tafi, Arage ya riƙo rigarsa. Suna cikin haka aka yi sallama a ƙofa. Inna ce da matarsa: likitan ido bai zo aiki ba, an ce kowa ya koma gida.

Matarsa ta shigo tana zare masa ido. Inna kuwa ta amsa gaisuwar baƙo a taƙaice ta miƙe baranda, ta gaji, gadonta take so. Arage ya bi bayanta yana haɗa ƙaryar da zai yi, dattijo ma ya biyo su da takardarsa a hannu.

Inna ta tura ƙofa ta miƙa hannun dama inda keken ɗinki yake, hannun ya faɗa iska. Ta ɗan yi tangaɗi. Ta ƙara taku ta laluba hagu, wurin akwatuna, nan ma ba komai. Sai ta tsaya a tsakiyar ɗakin, hannuwa biyu a miƙe, tana juyawa a hankali.

"Ina gadon?" ta ce.

Gadon yana gabanta, da farin zanen gadonsa, rana tsaka, taga a buɗe. Arage ya dubi gadon, ya dubi Inna. Ya san idonta ya yi rauni, kowa ya sani, amma bai taɓa sanin ya kai haka ba. Ashe duk shekarun nan da hannu take bin ɗakinta, daga keke zuwa akwati, daga akwati zuwa kujera, daga kujera zuwa gado. Ya juya ya dubi matarsa.

"Ta hana ni faɗa maka," ta ce ƙasa-ƙasa. "Ta ce za ka kashe kuɗi."

Kunya da tausayi suka taru suka rufe shi. Inna ta ce, "An fara kwashewa ne?"

Dattijo, da bai san dawan garin ba, ya amsa da fara'arsa, "A'a, Inna, lissafi dai muke yi. Ɗakin nan ma ba shi da wahala, yallaɓai ya ce ba komai a ciki."

Inna ta sauke hannuwanta. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta ce, "To. Ku kira mini Auta."

Arage ya kama hannunta ya kai ta bakin gado ya zaunar, ya durƙusa a gabanta. "Inna, kayanki suna gidan Tela, ko gwangwani ɗaya bai ɓata ba. Ni na ɓoye su don a yi mini araha. Ki yafe mini." Ya miƙe ya dubi dattijo. "Ranka ya daɗe, yaga wannan takardar. Tsaya nan bakin ƙofa, duk abin da ya wuce ka rubuta."

Tela, da ya fara shafa man zafi a baya, ya ji an sake ƙwanƙwasa masa ƙofa, ya ce inna lillahi. Aka koma jigila. Dattijo yana tsaye yana rubutu, takarda ta cika ya juya bayanta, fensir ya dakushe ya fere shi da haƙori. Inna tana zaune tana ba da umarni da kunne: wannan ƙarar akwatin zannuwa ce, a sa shi ƙasa, kujerar ta matso, bulonta yana ina? Har da wani dutsen guga da aka shigo da shi, ta shafa ta ce ba nata ba ne, Tela ya karɓe abinsa da sauri ya rungume.

Da aka gama, ta tashi ta bi hanyarta daga gado zuwa ƙofa ta dawo, hannunta yana sauka a kan kowane abu daidai inda ta sa ran samunsa. Sannan ta zauna.

Arage ya ce wa dattijo, "Akwai ƙari. A sabon gida ina so yaranka su jera ɗakin nan yadda yake yanzu, keke a dama, akwatuna a hagu, ko taki ɗaya kada ya goce."

"Wannan aikin daban ne, yallaɓai, da kuɗinsa."

"Rubuta."

Dattijo ya haɗa ya miƙo. Ya wuce na mai kwat, ya wuce na mai bidiyo. Arage ya karɓi fensir ya sa hannu, bakinsa a rufe gam. Tela ya matso ya taɓa masa goshi ya ji ko zazzaɓi ne.

"Nawa ya ce?" in ji Inna.

Arage ya faɗa mata.

"Kai! Wannan ai fashi ne da rana tsaka! Kuma ka sa hannu? Kai ba ka iya neman ragi ba ne? Da ka tambayi wuri biyu ko uku ka kwatanta, ai da ba a cuce mu haka ba."

Matarsa ta toshe baki da gyale ta fice baranda, kafaɗunta suna rawa. Daga can ta ɗago murya ta ce, "Inna, in kira Autar?"

Inna ta laluba ta kamo wuyan hannun ɗanta, ta riƙe shi ƙam.

"Bar ta. In na tafi, wa zai tsare wannan? Sai su sayar da shi da kayan duka."