Mataki na Ɗaya

Magdalene tana gyara kujeru a ɗakin shawara na wani ƙaramin asibiti a Wurno, sai Nafisa, sabuwar mai duba aikinsu daga Sakkwato, ta ajiye mata takarda.

"Anti, an raba masu ba da shawara mataki uku. Kina na ɗaya."

"Shekara goma sha ɗaya nake sauraren mutane, Nafisa."

"Na sani. Amma kwas ɗin wata shida kika yi. Duk wanda ya taɓa zancen kashe kansa, sai ɗan mataki na uku."

"Su nawa gare mu?"

"Ɗaya. Tana Sakkwato." Nafisa ta sassauta murya. "Bara a Rabah wani ɗan mataki na ɗaya ya ce wa wata mata ta yi haƙuri kawai, ya sallame ta. Bayan kwana uku aka binne ta. Ba don ke aka rubuta dokar ba."

Magdalene ta san matar, don haka ba ta yi musu ba.

Ƙarfe goma Kaltume ta iso daga Lahodu. Ambaliyar bara ta tafi da 'ya'yanta mata biyu. Wata huɗu ba ta yi wa kowa magana ba, sai a wannan ɗakin ta fara, kuma a nan ta faɗi cewa takan tsaya bakin gulbi tana tunanin bin su. Tun daga nan ba ta fasa zuwa ranar Talata ba.

Magdalene ta yi mata bayani a hankali. Akwai likita a Sakkwato, ta fi ta sani, za ta gan ta bayan wata uku.

"Mi na yi miki, Malama?"

"Ba ki yi komai ba."

"To in koma in faro tun daga farko, gaban wadda ban sani ba? Sunansu ma da ƙyar nika iya faɗi."

Nafisa ta sunkuyar da kai. Magdalene ta cike takardar turawa, ta miƙa. Kaltume ta ninke ta, ta ɗaure a bakin zane.

"Talata in zo?"

Magdalene ta laluba abin da dokar ta bar mata. "Ki zo in auna miki hawan jini."

Kaltume ta miƙe tsaye.

"Jinina lahiya lau, Malama," ta ce, ta ɗauki takalmanta a bakin ƙofa.