Aron Kunne

Ƙarar ta sake tsallako katanga, siririya mai ratsa haƙori, har Ummussalma ta saki muciyar da take juya shinkafa shanshera da ita a kan wuta a cikin rabin duro. Kajinta suka watse suka shige ƙarƙashin rumfa.

"Malam Zarami!" ta ɗaga murya. "Don girman Allah, kai ba ka jin abin nan ne?"

Sai da ta sake kira kafin ƙarar ta mutu. Can ta ji jan takalminsa, kansa ya leƙo ta inda katangar ta zube tun daminar bara, hularsa a karkace.

"Maman Fatihu, magana kika yi?"

"Na ce ba ka jin yadda jitar nan take kuka?"

Ya daɗe yana kallon bakinta. "Kuka take yi?" ya ce a hankali. "Wallahi ban ji ba."

Zarami mutumin Baga ne. Tashin hankalin da ya watsa mutanen bakin tafki ne ya jefo shi Haɗeja, ba mata, ba kaya, sai jitar lantarki a cikin buhu. Amfilifayar, wato akwatin ƙara sauti, daga baya ya same ta, tsohuwa, baƙa, kusurwarta ɗaure da waya. Ya kama ɗaki a gidan da ke jikin na Ummussalma, masu gidan suka koma Kano, ya rage shi kaɗai. Da rana yana gyara wa masunta koma, in ya gama ya jona jitarsa da batirin sola. A ƙuruciyarsa, in ji shi, babu garin bakin tafki da bai yi wasan biki ba, har Diffa da Gigimi. A nan kuwa ba wanda ya taɓa gayyatarsa. Samarin yanzu a kwamfuta suke haɗa kiɗansu.

Ita ma Ummussalma ba ta da mai taya ta hira. Mijinta ya rasu, ɗanta Fatihu yana Fatakwal yana sayar da albasa, yakan kira in ya tuna. Shekara da shekaru suna maƙwabtaka da Zarami, maganarsu ba ta wuce gaisuwa da ƙorafin ƙara ba.

Ranar dai bai koma ɗaki ba. Ya laluba aljihu ya ciro waya, ya miƙo mata ta saman katanga.

"Saurari wannan. 'Yata ce Zainaba, tana aure a Diffa."

Muryar mace ta fito, ana jin kukan jariri a bayanta: "Baba, na buɗe saƙon, amma ban ji waƙa ba, ƙara kawai kamar injin markaɗe. Ko wayar taka ce ta lalace?"

"Waƙar da nake yi wa uwarta ce," ya ce. "Ta haihu, ta sa wa yarinyar sunan marigayiyar. Na ce bari in ɗauka in tura mata. Da na zaci wayar ce. Ashe kunnena ne." Ya shafa bayan kunnensa na dama. "Wannan ya tafi tuni. Na hagun ma siririn sauti ba ya kama shi. Ina ta murɗawa ina ƙarawa don in ji, ashe azabtar da mutane nake yi."

"Allah ya sauwaƙe," ta ce, ta miƙa masa wayarsa.

"Ki ara mini kunnenki, Maman Fatihu."

"Ni? Me na sani a kiɗa?"

"Kin san abin da ke yi miki ciwo a kunne. Ya isa."

Ta koma kan shansherarta. Tana juyawa tana tunanin abin da matan unguwa za su ce, tsohuwa da ita a ce ta zauna sauraron jita. Amma washegari da la'asar, da ta ji yana jan akwatin zuwa ƙofar ɗakinsa, sai ta ɗauko kujerarta ta ajiye a gindin katanga, ta ɓangarenta.

Ya yi mata bayanin maɓallan ɗaya bayan ɗaya. Akwai na kauri, akwai na kaifi, akwai na tsakiya. Sai kuma wanda ya fi so, na farko a jere, wanda yake kira na gurnani.

"Shi ne ran abin," ya ce. "In ya yi kaɗan, jita ta zama salam kamar miya ba gishiri. In ya yi yawa, tsirkiyoyin su cakuɗe, ba ki bambance wannan da waccan. Akwai wani ɗan wuri a tsakani. Da ina samunsa ido a rufe."

Ya kifa turmi a gaban akwatin ya jingina wayar a kai, ba daidai tsakiyar sifikar ba, ɗan gefe kaɗan, don a cewarsa a tsakiyar nan duk kaifin yake taruwa. Ya kaɗa, ya tsaya, ya miƙo mata wayar. Ta kara a kunne ta yamutsa fuska.

"Kamar ana soya kifi a mai mai zafi."

"Kaifi ne. Bari in rage."

Ya sake. Wannan karon suyar ta tafi, amma sautin ya dunƙule, ba a gane inda waƙar ta dosa.

"Rage na gurnanin," ta ce.

"Na rage."

"Ƙara ragewa."

"In na ƙara ragewa ni ba zan ji komai ba."

"Ai ba kai za ka ji ba, Malam."

Ya ɗora hannunsa a kan maɓallin. Sannan ya murɗa shi baya sosai, ya ɗan ɗaga na tsakiya, ya jawo kujerarsa har ƙaurinsa ya manne da jikin akwatin, don abin da kunne ya hana shi ya ji shi ta ƙashi.

Haka suka yi ta yi kullum bayan la'asar. Wani lokaci batir ya mutu ana tsakiyar ɗauka, wani lokaci zakaranta ya yi cara ya ɓata komai, wani lokaci tari ya sarƙe shi ya ajiye jitar har ya lafa. Ta lura tarin yana ƙaruwa, ta dafa masa citta da kanumfari ta ɗora a kan katanga. Ranar da abin ya yi daidai, ta gane tun kafin ya miƙo wayar. Gurnanin yana nan, mai kauri da ɗumi, amma kowace tsirkiya tana fita da bakinta, kuma a ƙarƙashi akwai muryarsa da wata waƙa mai tafiya a hankali kamar mai jan ƙafa zuwa gida. Ba ta jin Barbarci, ba ta san me yake faɗa ba. Ta dai ga shansherarta ta kama a gindin duro ba ta tashi ba.

"Yaya?" ya ce.

"Kada ka taɓa komai. Tura mata."

Ya tura. Saƙon ya tafi, amma ba alamar an buɗe.

A makon ne kogi ya fara cika. Kullum da safe maza sukan je su duba inda ruwa ya kai a jikin jingar da ke tare shi daga shiga gari, su dawo fuska ba walwala. Mai unguwa Shu'ibu ya bi gida-gida yana tara mutane a cika buhunan yashi. Masu 'yan'uwa a kan tudu suka fara kwashe mata da yara, layin ya yi tsit, ƙofofi da kwaɗo. Fatihu ya kira ya ce ta tafi Kafin Hausa wurin ƙanwarta. Ta ce to, ba ta tafi ba.

Zarami ba shi da ƙarfin ɗaga buhu. Ranar da aikin ya yi tsanani sai ga shi yana tura baro, akwatin da batir a ciki, jita a rataye a baya.

"Haba Malam Zarami," in ji mai unguwa, gumi na zuba daga gemunsa, "ana ta rai kai kana ta kiɗa?"

"Ranka ya daɗe, a garinmu ba a aikin gayya baki a rufe. Abin da nake da shi ke nan."

Shu'ibu ya kaɗa kai ya wuce. Ummussalma tana cikin matan da suka kawo wa ma'aikata kunu, tana tsaye a gindin wata giginya. Ta ga Zarami yana waige-waige har ya gano ta. Da ma ya taɓa gaya mata cewa fili ba ɗaki ba ne, iska tana cinye sauti, sai an ɗaga na tsakiya an ƙara gurnani kaɗan kafin ya kai nesa. Ya kaɗa, akwatin ya yi wata ƙara mai tsini, samari suka toshe kunne suna dariya. Ta gyara mayafi, ta yi ƙasa da tafin hannunta kamar mai lallashin yaro. Ya matsa gefe daga gaban sifikar, ya murɗa. Ta sake yin ƙasa da hannu. Ya murɗa. Ta tsayar da hannun.

Sautin ya bazu a kan ruwa. Wasu ba su ko ɗaga kai ba. Wasu kuwa, ba tare da sun lura ba, buhu ya fara tafiya daga hannu zuwa hannu daidai da bugun kiɗan. Aka fara yayyafi, ya tuɓe babbar rigarsa ya lulluɓe akwatin, ya ci gaba da kaɗawa da 'yar shara a jikinsa har batir ya ƙare.

Jingar ta riƙe a wurin, amma ruwan ya zagayo ta fadama ya shanye gonakin shinkafa, ya yanke hanyar bayan gari. Zarami kuma ya kwanta. Mai unguwa ya kai shi asibiti a babur, aka yi masa allura aka ba shi magani, ya ce shi dai a mai da shi ɗakinsa.

Ranar ce Ummussalma ta fara taka cikin gidan. Ɗakin ba komai sai tabarma, buta, tarin koma da ba a gama gyarawa ba, da jitar da akwatin a lungu. Ta ajiye kwanon kunu ta zauna a bakin ƙofa.

"Ta buɗe?" ya ce.

Ta duba wayar. "Tukuna. Ka san sabis ɗinsu."

"Haka ne."

Kullum in ta shigo tambayar ke nan, kullum amsar ke nan. Ya daina shan kunun sai cokali ɗaya ko biyu. Wata safiya ta tarar numfashinsa yana fita da ƙyar, ta fita ba takalmi ta kira mai unguwa. Shu'ibu ya zauna a kansa yana maimaita kalmar shahada da ƙarfi, bakinsa dab da kunnen hagu. Leɓen Zarami ya motsa. Da hantsi ya cika.

Ta ɗauki wayar ta fita tsakar gida, ta nemo sunan Zainaba. Sai da ta kira sau da yawa kafin ta shiga.

"Baba!" muryar ta fito da murna. "Jiya da yamma na samu na saurara. Na ji ta sarai, Baba, kamar kana cikin ɗakin. Ina jira in sa kati in kira ka ne."

"Ba shi ba ne, 'yata," in ji Ummussalma. "Maƙwabciyarsa ce. Sai haƙuri."

Ta tsaya riƙe da wayar tana jin kukan, har layin ya yanke da kansa.

Mazan da suka rage a unguwar ba su cika sahu biyu ba. Suka yi masa wanka, suka sallace shi a ƙofar gida bayan azahar. Da yake hanyar maƙabarta ruwa ya shafe ta, masuntan da yake yi wa gyaran koma suka kawo kwalekwale har ƙarshen layi. Aka ɗora makarar a gicciye, mutum biyu suka riƙe ta, mai unguwa ya zauna a gaba, sauran suka bi a wani.

Ummussalma ta tsaya a bakin zaurenta. Mai tuƙi yana kafa gora yana turawa a hankali, kwalekwalen yana ratsa saman gonakin da suka nutse, kawunan shinkafa suna sunkuyawa suna tasowa a bayansa. Wasu balbelu suka tashi suka sake sauka. Farin likkafanin yana ta ƙanƙancewa har ya shige bayan dogayen ciyayin kacala, ruwan ya koma ya kwanta.