Tsinken Awon Ƙafar Khairiyya

A jikin madubin motar Abdulgani akwai wani tsinken tsintsiya ɗaure da roba, tsawonsa bai kai taƙi ɗaya ba. Abokansa direbobi sun sha tsokanarsa a kai, wasu su ce laya ce, wasu su ce sakace ne na marowaci. Shi dai sai ya yi murmushi. Awon ƙafar 'yarsa Khairiyya ne, wanda kakarta ta karya masa ranar da ya yi musu sallama a Kalgo, ta ce idan ya ga takalmi mai kyau a Kudu ya sayo.

Abdulgani mutumin Gwandu ne, albasa yake ɗauka zuwa Anaca da Fatakwal. Matarsa Hadijatu ta yi haƙuri iyakar yinta, har ranar da ta ce ta gaji da auren waya. Suka rabu ba faɗa ba zagi, ta yi wani auren a Dangoma, yarinyar ta zauna wurin kakarta. Tun daga nan ɗakinsa na Gwandu ya zama wurin ajiye tsohuwar taya, shi kuwa ya tare a kan mota.

Kada a ce ba ya son 'yar nan. Yana sonta har abin ya dame shi. Sai dai idan ya kira waya aka miƙa mata, numfashinta kawai yake ji, sai can ta ce "lahiya lau" ta ajiye. Wannan shirun ya fi masa doguwar hanya nauyi. Ya rage kira, ya koma hira da tsinke. Yana tuƙi yana ba shi labarin gadar da suka haye da ramin da ya kusa cinye musu taya, tsinken kuma bai taɓa yin shirun da ya ba shi kunya ba. Sau uku lodi ya bi da shi ta Kalgo, sau uku yana cewa ai ba ya shiga hannu sake, sai ya sayo takalmin. Haka shekara biyu da rabi ta wuce.

Ranar wata Laraba a kasuwar Anaca ya ga wasu takalma jajaye masu fure a gaba. Ya zura tsinken ciki, ya zauna cif. Mutumin da ya san albasa na rage nauyi a hanya, bai taɓa tunanin ƙafar yaro tana ƙaruwa ba. Ya sa aka naɗe su a leda, ya ajiye a kujerar gefensa har Kebbi.

Da hantsi ya faka a bakin titin Kalgo, ya taka zuwa gidan. Inna Salamatu, kakar yarinyar, tana shanya shinkafa a tsakar gida, ta ɗago ta daɗe tana kallonsa.

"Baban Khairiyya, ashe kana tuna hanya."

"Inna, a yi mani aikin gahwara."

Ta ƙwala wa yarinyar kira. Wata doguwa ta fito daga ɗaki da allo a hannu, ta durƙusa nesa da shi ta gaishe shi irin gaisuwar da ake yi wa baƙon maƙwabta. Abin da ya zo nema ke nan, ta kira shi Baba, ga shi ko idonsa ba ta kalla ba.

Ya miƙa mata ledar. Ta buɗe, fuskarta ta ɗan saki. Ta zauna a kan turmi ta zura ƙafa, diddigenta ya rage a waje da kusan yatsa uku. Inna Salamatu ta kawar da kai ta ci gaba da baza shinkafarta. Abdulgani ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Khairiyya ta dube shi, ta dubi takalman. Sai ta naɗe yatsunta ta tura da ƙarfi har diddigen ya shiga. Ta miƙe ta taka zuwa bakin rijiya ta dawo, tana cije leɓe.

"Sun yi min, Baba."

"Cire su, ɗiyata, suna cin ki."

"Ba su ci na. Sun yi."

Ya sa hannu da kansa ya cire mata. Bayan ƙafar har ya yi ja. Ya daɗe riƙe da ita, sai da ya ji hawaye na neman kunyata shi gaban surukarsa ya ce a ba shi sabon awo, lodi na jiransa a Gwandu kafin azahar.

Khairiyya da kanta ta je ta zaro tsinke a jikin tsintsiyar kakarta. Ta ɗora ƙafa a kansa, ta sa yatsa daidai inda babban yatsanta ya tsaya. Ba ta karya a nan ba. Ta matsa gaba, ta yi ɗan tunani, ta ƙara matsawa, sannan ta karya ta miƙo masa.

"Wanga ya hi ƙahwakki tsawo ai," in ji shi.

"Na sani, Baba. Na ƙara na kahin ka dawo ne."