Kibiyoyin da Suka Ƙi Bakan Anselm

Taron ƙauyen Tapirima ya wanke Bertram Paulino daga zargin musanya bakan surukinsa marigayi, bisa shaidar matar mamacin. Wanda ya kai ƙarar, Ovid Rufino, ya janye maganarsa a gaban jama'a, ya miƙa wa mijin yayarsa hannu suka gaisa. Amma da aka watse bai ɗauki bakan ba. Ya bar shi wurin toshao, shugaban ƙauyen, ya tafi gida hannu wofi.

An yi zaman ne ranar Asabar da hantsi a babbar rumfar taro da ke kallon kogin Rupununi, ana tsakiyar rani, ruwa ya ja baya, kifi ya taru a tafkuna.

Bakan na tsoho Anselm Rufino ne, wanda ya rasu a ƙarshen damina. Na itacen paira ne, ja mai ɗigon baƙi, ya fi mai shi tsayi. Tun yana saurayi ya samo shi wurin wani masassaƙi na kudu. A Tapirima kowa da bakan da yake yabo. Masu harbin kifi sun fi son ƙarami mara nauyi, wanda mutum zai wuni yana ja a gaban kwalekwale kafaɗa ba ta yi tsami ba. Yawancin magidanta bakan itacen washiba suke riƙewa, don yana jure ruwa da rana, in ya karye kuma akwai wani a bayan gona. Paira kuwa sai wanda ya isa, shi ake fita da shi farautar barewa da aladen daji. Na Anselm ne ya fi suna, kuma ya sha faɗa cewa autansa Ovid zai bar wa.

Ovid yana aikin gini a birnin Boa Vista, ruwa ya yanke hanya, bai samu jana'iza ba. Da ya iso, Bertram ne ya hau ya sauko da bakan daga rufin ɗaki, tare da damin kibiyoyi, ya damƙa masa. Washegari Ovid ya tafi tafki shi kaɗai.

Kibiyar farko ta fita tana kaɗa wutsiya kamar tarwaɗa, ta yi hagu, ta faɗa cikin ciyawa. Ta biyu ma haka. Ta uku ta tsage tun a kan tsirkiya, ta yage masa fatar hannu.

Ya zauna a bakin ruwa yana jujjuya sauran. Na mahaifinsa ne, babu tantama: naɗin zare ja da baƙi, ƙaron da aka shafe da babban yatsa, yadda aka aske gashin tsuntsun. Kuma ya san Anselm ba ya yankan kyauro sai da baka a gefensa. Yakan tanƙwara kyauron a gwiwa, ya ja tsirkiya, ya sake tanƙwarawa, wanda ya yi wa bakan laushi ya jefar da shi ko da ya fi kowanne miƙewa. Mutumin da ke haka ba zai bar dami guda na kibiyoyin da bakansa ke karyawa ba. In kibiyoyin nasa ne, to bakan fa?

Daga nan komai ya fara yi masa ido. Tsirkiyar sabuwa ce fil. An shafe itacen da mai har yana ƙyalli. Ya tuna akwai wani ƙulli kusa da mariƙi, wannan ma yana da ƙulli, amma sai ya ga kamar ya yi ƙasa da inda ya san shi. A shagon ƙauye ya ji cewa wani baƙo da ya sauka a masaukin masu yawon buɗe ido ya taɓa nacewa a sayar masa da bakan, Anselm ya kore shi. Ya kuma ji cewa bayan jana'iza Bertram ya tafi garin Lethem da wani dogon ƙunshi, wai filafilan kwalekwale ne na sayarwa, ya dawo da sabon zarton inji.

Ovid ya sami Bertram a bayan gida yana gyaran shinge.

"Yaya Bertram, wa ya sa wa bakan nan sabuwar tsirkiya?"

"Ni. Ɓera ya cinye tsohuwar. Da in ajiye maka guntun ka ɗaure wando?"

"Kibiyoyin Baba ba sa tafiya a kansa."

"Kibiyoyin ne ba sa tafiya, ko hannun ne ya saba da cokalin siminti? Ɗan birni, yaushe rabonka da baka?"

"Hannuna lafiyarsa ƙalau."

"To kifin ne ya yi makaranta bayan tafiyarka."

Bertram ya yi dariya, amma bai ɗago daga shingen ba. Ovid ya lura da wannan ma.

Ya san abin da ƙara za ta jawo. Bertram a gidan iyayen matarsa yake zaune, kamar kowane suruki a ƙauyen, a ƙasarsu yake noma. In taro ya kama shi da cin amanar mamaci, sai ya kwashe matarsa Imelda, yayar Ovid, da yara su bar gidan da gonar. Ovid ya kwana biyu yana aunawa, sannan ya tafi wurin toshao.

Toshao Egbert mutum ne mara son doguwar magana. Da aka taru, ya sa aka kafa kututturen ayaba a filin da ke gaban rumfa, ya ce tunda kibiya ce ta kawo ƙara, a bar ta ta yi bayani. Ya ba Ovid bakan paira. Ovid ya ɗana, ya ja, ya saki. Kibiyar ta yi rawarta ta wuce ta hagu.

"A kori kaji daga wancan ɓangaren!" in ji wani daga baya. Aka fashe da dariya.

Toshao ya karɓi bakan da kansa, ya harba. Ta yi hagu ita ma. Dariyar ta tsaya. Ya aika aka ɗauko nasa na washiba, ya ɗana wata daga damin. Ta ɗan kaɗa wutsiya, ta goge gefen ayabar.

"Kyauron nan ya yi wa paira laushi," in ji shi. "Ko washiba ma da ƙyar. Bertram, me ka ce?"

Bertram ya tashi ya bi hanyar gida, mutane suna bin sa da kallo, wasu na cewa ya gudu ke nan. Bai jima ba ya dawo da wani ɗan baka siriri, irin na harbin kifi, mariƙinsa ya yi baƙi don riƙo. Ya miƙa wa Ovid.

"Gwada da wannan, ƙanena."

Ovid ya ja, bai ji nauyi ba ko kaɗan. Kibiyar ta tafi ɗoɗar ta nutse a tsakiyar kututturen. Ya sake, ta zauna kusa da 'yar'uwarta.

"Na wane ne?" toshao ya tambaya.

"Na tsoho ne." Bertram ya share fuska da tafin hannu. "Ya yi damina da yawa bai ja paira ba. Kafaɗarsa ta mutu. Kuna ganinsa da safe ya saɓa shi ya ratsa gari, kuna cewa tsoho bai tsufa ba. In mun sha kwanar kogi sai ya kwantar da shi, in zaro masa wannan daga ƙarƙashin ganye. Wannan ƙaramin ya yi wa kibiyoyin nan. Ya sa na rantse ba zan faɗa ba. Yau ɗansa ya sa na faɗa."

Wasu dattawa suka sunkuyar da kai. Wata mata ta ce, "Ayya, Anselm," a hankali.

Ovid ya ji kunya ta kama shi, amma ba ta daɗe ba. Hujjarsa ɗaya ce, ta kuwa rushe. Sai dai abin da ya rushe ta bai ce komai game da bakan paira ba. Ya juya wajen toshao.

"Toshao, na yarda kibiyoyin na ƙaramin baka ne. Amma ku duba. Shekaru ba wanda ya ja babban. Mutum ɗaya ne a garin nan ya san haka, ya kuma san in aka canza shi ba hannun da zai gane."

"Kai, yaron nan!" in ji Bertram. "Na tona asirin ubanka don in wanke kaina, bai ishe ka ba?"

"Ina tsofaffin kibiyoyin? Masu kauri, na paira. Da su za a gane."

"An binne tsoho da su."

"Wa ya zaɓa?"

"Ni na zaɓa. Shi ya ce a sa masa su, kada a gan shi da na kifi."

"A gaban wa ya faɗa?"

"A cikin kwalekwale. Ka je ka tambayi kada."

Wannan karon mutum biyu ko uku ne suka yi dariya. Imelda ta ja ƙaramar 'yarta jikinta. Toshao ya tambayi dattawan da suka yi farauta da Anselm. Ɗaya ya riƙe bakan ya ce shi ne. Ɗaya ya ce kamar na da ya fi duhu, amma mai yana canza launin itace. Na uku ya ce idonsa ba ya kai nan yanzu.

Sai toshao ya ce a kira Leocadia, matar marigayin, wadda ta kwana ƙarƙashin bakan nan tun aurenta. Tana zaune a gefe a kan benci, jikokinta kewaye da ita. Ya ɗauki bakan ya nufe ta.

"Inna Leocadia, ki duba mana..."

"Shi ne," in ji ta.

Toshao bai ma ƙarasa wurinta ba. Ovid yana tsaye inda yake ganin fuskarta sarai. Idonta na kan yaran Imelda lokacin da ta yi maganar, kuma bai bar kansu ba har toshao ya juya. Ba wanda ya nuna ya lura. Toshao ya ce magana ta ƙare, ba a ja da shaidar matar gida. Ovid ya janye, ya ba Bertram hannu. Hannun Bertram a jiƙe yake da gumi, amma ana rana sosai a ranar, kowa ma gumi yake.

A gida ya tarar da mahaifiyarsa tana soya garin rogo a babban kasko, tana juyawa da filafili. Ya tsaya a bakin rumfar har ta gaji da yin kamar ba ta gan shi ba.

"Ga giyar rogo, parakari, can a ƙwarya, ka sha."

"Mama, kin dubi bakan kuwa?"

Ta ci gaba da juyawa. Hayaƙi ya sa ta ƙifta ido.

"Ranar Litinin za ka koma Boa Vista, ko ba haka ba?"

"Haka ne."

"To Allah ya kiyaye hanya. Rogon gonar gabas ya isa tugewa, Bertram ya ce jibi zai fara."

Ovid bai sake tambaya ba. Da yamma ya bi ta gidan toshao ya ce a ci gaba da riƙe masa bakan, bai ce ya karɓa ba, bai ce ya ƙi ba. Toshao ya jingina shi a kusurwar ofishin ƙauye, ya kwance tsirkiyar kada itacen ya gaji.

Wani mai kwalekwale da ke zuwa fatauci daga kudu ya gaya wa Ovid cewa masassaƙan can suna gane aikin hannun junansu ko an shekara nawa, kuma wanda ya sassaƙa wa Anselm yana da ɗa da ya gaji sana'ar. Ovid ya ba shi saƙo cewa ɗan masassaƙin ya zo ya duba bakan. Mutumin ya ce zai isar in ya same su, don ya ji sun tashi daga tsohon mazauninsu, bai kuma san bakin wane kogi suka koma ba.