Babi Ɗari da Arba'in a Aljihun Tebur

Ranar da ya ƙwace wayar Auta sai da ya yi jawabi. Mutum ne da ko cokali ba ya ɗauka a gidansa sai ya bayyana dalili, shi ya sa 'ya'yansa ke kiransa Shugaba idan ya ba da baya. Ya ce saura wata biyu jarrabawa, kuma ba zai zuba ido 'yarsa mai shekara goma sha biyar ta ƙare a kallon mutanen zane masu idanu kamar faranti ba. Auta ta miƙa wayar da hannu biyu. Don kada uwar ta ji tausayi ta mayar mata, ya tafi da wayar ofis ya kulle a aljihun tebur.

A ɗakin ajiye fayil yake aiki, can ƙarshen baranda, inda ba mai zuwa sai wanda takardarsa ta ɓata. Shekara ashirin da biyu ke nan yana zaune tsakanin kantocin ƙarfe da fanka mai tari. A rana ta uku wayar ta yi ƙara a cikin aljihun, ya ciro don ya kashe ta. Ba ta da lambar sirri, domin wannan ma dokarsa ce. Saƙo ya gani: sabon babi ya fito.

Wata manhaja ce mai bin sawun labaran zane na intanet. Tana jera wa mutum duk labaran da yake bi, ta nuna babin da ya tsaya, ta sanar da shi idan an saki sabo. Tsarin ne ya fara kama shi. Kowane labari da layinsa, kowane babi da lambarsa, wanda aka karanta ya dushe, wanda ya rage yana haske. Ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda ya ga aikinsa a hannun gwani. Sai ya ce bari ya buɗe babi ɗaya, don ya san irin gubar da yake yaƙi da ita.

Labarin wata likitar dabbobi ce da ke jin maganar kyanwoyi amma ta kasa fahimtar maƙwabcinta da ke sonta. Shirme ne tsagwaronsa. Ya tabbatar da haka a babi na farko, ya sake tabbatarwa a na ashirin. Kafin mako uku abincin ranarsa yana hucewa a kula, shi kuma yana jan allo da yatsan da ya saba lasa don buɗe takarda. A babi na ɗari da goma sha biyu tsohon karen maƙwabcin ya mutu. Mai buga takardu ta leƙo neman wani fayil ta same shi yana share ido, ya ce mata ƙurar kanta ce.

Ranar Asabar da safe yana falo yana gyara maɗaurin tabarau, matarsa ta fito daga ɗaki da wayarta a hannu, ta ƙwala wa Auta kira. Malamar jinya ce, ba ta cika ɗaga murya ba. Ashe da adireshin imel ɗinta aka yi wa Auta rajista, saboda ƙarancin shekaru, kuma manhajar kan aiko rahoto kowane mako. Ita ba ta buɗe imel sai ana neman jadawalin aiki. Jiya ta buɗe, ta tarar da rahoto uku: babi ɗari da arba'in, duk tsakanin ƙarfe ɗaya da biyu na rana, Litinin zuwa Juma'a.

Ta ce wa Auta karatun zanen bai dame ta ba. Abin da take so ta sani shi ne ina ta samu wata waya, wa ya saya mata, kuma a wane lungu take zama lokacin da ake darasi. Auta ta rantse ba ta da waya. Uwar ta ce to aljani ne ya karanta ke nan. Ta ƙara da cewa tun jiya ta kira malamar ajinsu, an ce ranar Litinin za a zazzage jakarta a gaban kowa.

Shugaba ya ci gaba da murza ɗan sukurun tabarau wanda ya riga ya ɗauru. Zuciyarsa ta kawo masa shawarwari, duk na banza: ya ce na'ura kan yi kuskure, ya ce a bar maganar sai an huce. Har ya ji bakinsa ya furta cewa lallai a bincika.

"Har sharhi kika rubuta, don ƙarfin hali," in ji matar. Ta ɗaga wayar ta karanta a hankali: "Ana sanar da mai zane cewa jinkirin fitowar babi na gaba bai dace ba. Da fatan za a ɗauki matakin da ya kamata cikin gaggawa. Na gode."

Auta ta daina kuka. Ta ɗago kai ta dubi ubanta, kallo ɗaya, ta mayar da ido ƙasa. Wannan ce yarinyar da ta girma tana karanta takardu masu irin wannan salon da yake mannawa a jikin firij. Ya jira ta faɗa, har ya gyara zama don ya ji saukar abin.

"Mama, ki yi haƙuri," in ji ta. "Ba zan ƙara ba."

Da ta tona shi, da ya san inda zai sa fuskarsa. Yanzu kuwa yarinyar da ya yi wa jawabi ta ɗauki laifin ƙarya da na gudun aji ta aza a kanta, don kada a ga wallensa. Uwar ta riga ta buɗe baki za ta tambayi sunan wanda ya sayi wayar.

"Maman Auta," ya ce. "Ba ta da wata waya. Ni ne."

"Kai ne ka saya mata?"

"Ni ne na karanta."

Ta dube shi, ta dubi sharhin, leɓenta na motsi tana sake bin kalmomin. Ya ga lokacin da ta gane hannun. Ba ta yi dariya ba, ko da yake ya so ta yi. Ta tambaye shi tun yaushe yake zaune a wurin, ya ce tun farko. Ta ce ta sani, so take ya ji da bakinsa. Sannan ta jawo Auta jikinta ta ba ta haƙuri, abin da bai taɓa ganin ta yi wa ɗa ba, suka shige kicin suka bar shi da tabarau a hannu.

Daga can ta ɗago murya ta ce ita ba za ta sake kiran malamar ba. Wanda ya ɗaura, shi zai kwance.

Ranar Litinin ya nemi izinin awa biyu a ofis. Ya sa rigar da yake zuwa taro da ita, suka tafi makaranta tare, Auta na gaba da taku biyu. A hanya ya shirya bayani mai sakin layi uku, wanda ya fara da muhimmancin sa ido kan abin da yara ke karantawa. A bakin ofishin malamai aka ba shi benci, irin wanda ake zaunar da masu laifi, gwiwoyinsa suka kusa taɓa haɓarsa.

Malamar ta fito da rajista a hammata. Ba za ta wuce sa'ar babbar 'yarsa ba. Ta gaishe shi da ladabi, ta ce ta ji abin da ya faru, kuma ya kwantar da hankalinsa, za su gano wayar.

Ya miƙe, ya nemi sakin layi na farko ya rasa. Auta na tsaye a gefe rungume da jakarta.

"Malama, kada a taɓa jakar," ya ce. "Yarinyar nan ba ta yi ƙarya ba. Ki ba ni minti biyar, amma don Allah a ciki."