Feshin da Ya Tafi a Iska

Haushin kare ne ya sa Doña Herminia ta bar ƙullun masara a kan teburi, ta leƙa ta saman shingen wayar da ya raba gidanta da na maƙwabcinta Anselmo. Yana kan kujerarsa ta ƙarfe a gindin bishiya, inda ya saba hutawa da la'asar, amma kansa ya faɗo kan ƙirji, hularsa tana ƙasa.

"Anselmo, ka sake barin wake a wuta kana barci?"

Bai ɗago ya ce mata tsohuwa mai sa ido ba, yadda ya saba. Ta zagaya ta shiga. Leɓunansa sun yi shuɗi, numfashin sai can ba a rasa ba, yana fita da gurnani. Ta kira motar asibiti, ta yi musu kwatance, don hanyoyin wannan unguwa ta bayan garin Laredo ba su da kwalta balle suna. Sannan ta tuna da abin da ke cikin jakarta.

Anselmo mai ɗora tayil ne. Tun da ya faɗo daga bene bayansa ya ƙi, ya shiga shan ƙwayar kashe ciwo. Da ta likita ta ƙare, sai ya riƙa tsallaka gadar kan iyaka zuwa maƙwabciyar ƙasa yana sayowa, daga baya kuma ko a hannun wa ya samu. Kowa a unguwar ya sani, ba mai faɗa. Cikin bazarar nan ya fara zuwa wurin Nélida, ma'aikaciyar lafiya 'yar unguwar, mai tara mutane a zauren bayan coci tana koya musu da harshensu yadda ake ceto wanda ƙwaya ta sumar. Wata rana ya tsaya a bakin shingen yana murza hula.

"Doña, ni kaɗai nake kwana nake tashi. In ƙwayar nan ta kayar da ni, ke ce kusa. Ki je ki koyi maganin nan da ake fesawa a hanci, ni kuma in gyara miki banɗakin nan da ya girme ki."

Ya cika nasa alkawarin da shuɗin tayil. Ita ma ta je, ta zauna a baya. Nélida ta fara bayani ke nan, sai Herminia ta hango shugabar matan addu'a ta taga, tana tahowa da furanni. Herminia tana da ɗa saurayi a garin San Antonio. In aka gan ta a wannan zaure, kafin Lahadi an gama cewa ɗanta ne ke shan ƙwaya. Ta sulale. Nélida ta biyo ta har ƙofa, ta cusa mata maganin feshin guda ɗaya a jaka, tana roƙon ta tsaya ta ga yadda ake yi.

"Ba hanci ba ne, 'yata? Ai na san hanci."

Yanzu ga ta a durƙushe gaban kujerar, farin abin yana hannunta, hannun duk garin masara. Ta yi abin da take yi wa nata maganin mura kullum: ta ɗaga shi sama, ta danna, don ta ga ko yana aiki. Feshi ya tashi siriri cikin hasken rana, ya ɓace. Ta sa masa a hanci, ta danna. Bai dannu ba. Ta girgiza shi, ta sake gwadawa. Babu komai a ciki.

Tana riƙe da kansa, tana kiran sunansa, har motar ta gano hanyar. Ma'aikatan motar sun yi iya yinsu a nan ƙasan bishiyar, amma bai tashi ba. Ɗayansu ya ga abin a ƙasa, ya ce ta kyauta da ta ba shi, ba kowane maƙwabci ke yi ba. Ta sunkuya ta ɗauki hularsa daga ƙasa.

A kwanakin addu'ar rasuwarsa ita ta dafa kofi, ita ta raba burodi. Shugabar matan ta rungume ta, ta ce Allah ya saka mata. Sai da aka watse Nélida ta same ta a kicin ɗinta tana wanke kofunan da aka riga aka wanke. Herminia ta gaya mata komai, idonta a kan ruwa.

"Feshi ɗaya ne a cikinsa, ko?"

"Ɗaya ne, Doña."

"Da ban gwada ba, da ya tashi?"

Nélida ta ce ba ta sani ba, wani kan tashi da ɗaya, wani biyu ma ba sa isar sa. Ta ce wannan bayanin a ƙarshe take yin sa, kuma tun ranar take tunanin da ma ta faɗa mata a bakin ƙofa.

Herminia ta goge hannu, ta ja kujera ta zauna a gaban teburin da ƙullun masara yake a kai rannan. Ta ce a nuna mata tun daga farko, a hankali. Nélida ta ciro sabo daga jaka, ta ɗora mata a tafin hannu, ta gyara mata yatsu biyu a sama. Babban yatsan Herminia ya tafi da kansa wajen madannin. Nélida ta kama shi, ta riƙe.

Ƙofar banɗaki a buɗe take. Karen Anselmo ya shiga ya kwanta a kan shuɗin tayil, inda ya fi sanyi.