Eriyar da ke Kan Bene

Sati uku ke nan, kullum da ƙarfe biyar na yamma sai talabijin ɗin gidan Direba ya kama rawa. Layuka su riƙa gilmawa, fuskar mai labarai ta karkace, sai kuma wata murya can ƙasa-ƙasa kamar ana magana cikin tulu. Abin haushin, tasha ɗaya tak matsalar take shafa, ita ce kuma wadda Baba yake kallo. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da mahaifin nasa, labaran biyar ne abin da ya rage masa na jin daɗi. In hoton ya lalace sai ya juya fuska bango.

Direba ya san mai laifin, ko kuma haka yake gani. A hawa na uku na benen da suke zaune akwai wata dattijuwa da yaran gidan ke kira Mai Eriya, saboda doguwar sandar ƙarfe da ta kafa a kan rufi. An ce ta shekara talatin tana gyaran na'urorin sadarwa a filin jirgin sama, da ta yi ritaya kuma ta samu lasisi, take hira da mutanen nesa ta rediyonta.

"Ka bi a hankali, sa'ar mahaifiyarka ce," in ji matarsa.

"Ai magana kawai zan yi."

Ya hau matakala yana shirya kalamai masu zafi. Da ta buɗe ƙofa, 'yar ƙaramar mace da tabarau rataye a wuya, rabin kalaman suka gudu. Sauran rabin dai ya zazzage mata su.

Ba ta katse shi ba. Da ya gama sai ta ce, "Wace tasha ce, ɗana?"

"Ta labarai."

"Ita kaɗai? Sauran lafiya lau?"

"Lafiya lau."

Sai fuskarta ta washe, kamar albishir ya kawo mata. "Ashe ku ne! Ni ma sati uku ina jin wani zuuu a rediyona, na bincike ɗakin nan kaf ban gano shi ba. Tsaya in ɗauko jakata."

A ɗakin Baba ta fara da gaisuwa. Ta ja kujera kusa da gado, ta ce, "Yaya, an ce ni ce nake hana ka jin labarin duniya. Ka yi haƙuri, yau za mu raba gardama." Baba ya ɗaga hannunsa mai lafiya, gefen bakinsa ya motsa.

Ta fito da ƙaramin rediyon hannu, ta danna maɓalli ta faɗi lambar kiranta. Nan take hoto ya wargaje.

"Kin gani ko!" in ji Direba.

"Na gani. Muryata ce, ba musu. Saura mu san ta ina take shiga."

Ta zare wayar kebul daga bayan talabijin, ta sa aka kunna wani fim daga filashi, ta sake dannawa. Hoto bai ko girgiza ba.

"To, akwatin ba shi da laifi. Ta waya take biyowa." Ta ɗaga bakin wayar ta nuna masa. "Ka ga wannan siririyar ta tsakiya? Ita ke ɗauke da hoto. Wannan saƙar ta kewaye kuwa rigarta ce, tana tsare ta daga abin da ke yawo a iska. Tasharku ta labarai da rediyona layi ɗaya suke bi, ita a cikin waya, ni a waje. Muddin rigar lafiya take, ba ruwan wani da wani. Akwai inda ta yage."

Ta mayar da wayar, ta ƙara sautin rediyonta, ta shiga bin bango tana saurare. A bakin ƙofa ƙarar kaɗan ce. A lungu ta ƙaru. Direba yana biye da ita, ya riga ya ga inda ta nufa. Da suka isa falo, gaban kabad ɗin kwanuka, rediyon ya ɗauki kuka kamar an tsokano gidan zuma.

"Ja mana wannan, ɗana."

Ya ja. Ga shi nan a bayan kabad, wani ƙulli na baƙin salatif kamar kan ƙadangare. Aikinsa ne. Ranar da aka sallamo Baba daga asibiti ya yanka wayar falo da reza, ya kankare saƙar nan ya zubar don ta hana shi sakat, ya murɗa sabuwar waya zuwa ɗakin Baba. Har ya yi wa matarsa kurin cewa kiran ma'aikacin kebul aikin ragwaye ne.

Mai Eriya ta warware salatif ɗin a hankali, ta duba, ta kalle shi ta saman tabarau. Matarsa na tsaye a ƙofar kicin.

"Wanda ya yi wannan yana da ƙarfin hannu," ta ce. "Murɗin ya kamu."

"Ni ne, Mama," ya ce, kansa a ƙasa.

"Na sani. Ma'aikaci ba ya zuba salatif haka, sai mai kishin gidansa."

Matar ta toshe baki da gefen mayafi ta koma kicin, amma ana jin dariyarta har falo.

Dattijuwar ta zauna dirshan a ƙasa ta baje kayan aiki a kan jarida. Ta yanke wurin da ya lalace, ta fere bakin wayoyin ba tare da ta tsinka ko silin saƙar ba, ta sa musu kawunan ƙarfe ta matse da filaya. Ta haɗa su da wani ɗan akwatin ƙarfe mai raba layi, ta toshe bakin da ya rage da murfi. Waya ta ƙarshe ta miƙa masa.

"Yi wannan da kanka."

Sau biyu yana ɓatawa, tana cewa yanke ka sake. A na uku ta ja kan da ƙarfi, bai fita ba, ta gyaɗa kai.

Suka koma ɗakin Baba, labarai sun kusa ƙarewa. Ta ba Direba rediyon hannun, ta ce ta nan zai ji ta, ta hau sama ta kunna babban. Can muryarta ta fito: "Ina magana yanzu da dukkan ƙarfinsa. Yaya hoto?"

Mai labarai yana ta bayaninsa, tas, ko ɗigo babu. Baba ya buga katifa da tafin hannu sau biyu.

Direba ya hau da gudu ya kai mata labari, ya tsaya a ƙofa yana neman yadda zai ba da haƙuri. Ita kuwa kunnenta na jikin lasifika.

"Ƙarar ta ragu sosai, amma da saura. Wa ke ƙasanku?"

"Mai wanki da guga."

"Shi ma yana da reza?"

"Ni na ara masa," in ji Direba.

Ta yi dariya har da tari, ta miƙa masa jakar. "To wuce gaba, kai za ka yi sallama."